Me ya kori tallan rigunan gashin dabba daga jaridu da mujallun Turai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sana'ar fata ne a Kano. Wani abokin cinikina ya ce manyan mujallun ado na Turai da Amurka sun daina karɓar tallan rigunan da ake ɗinkawa da fata mai gashi. Me ya jawo haka? Kuma abin zai shafe mu masu kirgi da fatar awaki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokin cinikinka bai yi ƙarya ba. Sai dai kafin mujallun su ce sun daina karɓa, masu kawo tallan ne suka fara ɗauke ƙafa.

Rigar da ake magana a kai ita ce wadda ake barin gashin a jikin fatar, galibi na wata 'yar dabba mai kama da tunku da ake kira minki, ko na yanyawar ƙasashen sanyi. A da, wannan riga ita ce shaidar cewa mace ta auri mai hali. A biranen Amurka irin su Niyok da Shikago, watan Agusta ne lokacin rangwamenta. Ana tsakiyar zafi manyan kantuna za su sayi shafin jarida guda cur, su zana mata sanye da riguna har ƙasa, su jera farashi, su ce ki ba da kafin alƙalami a ajiye miki a ɗakin sanyi har hunturu ya kama. Jaridu sun ci kuɗin nan shekara da shekaru. A mujallu kuwa, wanda ya fi tashe shi ne tallan Blackglama, wani tambarin rigunan minki, da aka fara a 1968: hoto baƙi da fari, fitacciyar mawaƙiya ko 'yar fim ta lulluɓa da baƙin minki, ba a ma rubuta sunanta, don an san kowa ya san ta.

Abin ya fara juyawa ne a shekarun 1980, kuma da makamin talla aka yaƙi talla. A Ingila aka manna wani hoto da David Bailey ya ɗauka, mace tana jan rigar gashi a ƙasa, jini na bin sawunta. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA, wadda aka kafa a Amurka a 1980, ta shigo da nata salon a farkon shekarun 1990, inda fitattun masu tallan kaya suke cewa gara su yi tsirara da su sa gashin dabba. Ba kowa ne a cikinsu ya riƙe alkawari ba, don Naomi Campbell ta fito da rigar gashi a bikin nuna tufafi na gidan ɗinkin Fendi a 1997. Akwai kuma masu zafin kai: a 1996 wata mata ta jefa wa Anna Wintour, editar mujallar ado ta Vogue a lokacin, mushen dabba a farantin abincinta a wani gidan cin abinci a Niyok. Ni dai ban ga birgewa a irin wannan ba, amma saƙon ya isa. Rigar da ake sawa don a yi alfahari ta koma abin da ake waige-waige kafin a fita da ita.

Duk da haka kasuwar ba ta mutu nan take ba, ta ma sake farfaɗowa a shekarun 2000 da kuɗin masu saye daga Rasha da Sin. Babban bugu ya zo ne lokacin da gidajen ɗinki da kansu suka janye. Calvin Klein ya janye tun 1994. Armani ya bi a 2016, Gucci ya sanar a 2017, Versace da Burberry da Chanel a 2018, Prada a 2019. Kantuna irin su Macy's da Neiman Marcus, waɗanda su ne masu sayen shafukan jaridu, suka rufe sassan da suke sayar da gashin. To wa ya rage da zai biya kuɗin shafi?

Gwamnatoci ma sun sa hannu. Birtaniya ta yi dokar hana kiwon dabbobi don gashinsu a 2000. A Nuwamban 2020 Denmak, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa kiwon minki, ta ba da umarnin kashe sama da miliyan 15 saboda korona ta shiga gonakin. Isra'ila ta hana sayar da gashin don ado a 2021, jihar Kalifoniya ta hana sayar da sabo daga 2023.

Sai da abin ya yi nisa mujallu suka yi ta maza. InStyle ta haramta a 2018. Elle ta sanar a Disamban 2021 cewa duk bugunta 45 na duniya ba za su ƙara nuna gashin dabba ba, ko a hoto ko a talla. Kamfanin Condé Nast mai Vogue bai bi sahu ba sai 2025. A ganina an yi musu yabon da ya wuce kima, domin sun yafe kuɗin da dama ya kusa daina shigowa, suka samu suna a wurin matasa masu karatu. Kar kuma a manta tallan takarda gaba ɗayansa ya zube, kuɗin ya koma Google da Facebook da Instagram. Masu sayar da gashin da suka rage, irin su Fendi, suna da hanyar isa ga masu kuɗinsu ba sai ta jarida ba.

Batun sana'arku kuwa, Alhaji, kwantar da hankalinka. Waɗannan hane-hanen ba su haɗa da fatar da aka jeme aka cire gashinta ba. Hujjarsu ita ce akuya da saniya don nama ake yanka su, fatar ragowa ce, minki kuwa don gashinsa kawai ake tsare shi a keji. Gucci da Prada har gobe jaka da takalmin fata ne jarinsu, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana da daraja a wurin masu jima na Italiya da Sifen.

Inda zan ja kunnenka shi ne fatar kada da mesa da guza. Chanel ta daina amfani da irinsu tun 2018, bikin nuna tufafi na Landan ma ya hana su daga 2025, ga kuma yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da ta sa fitar da su sai da takardar izini. In kana da kaya irin wannan a rumfa da niyyar kai su Turai, ka fara tambayar mai sayen ko har yanzu yana karɓa kafin ka ƙara zuba kuɗi.