Ɗanye Ko Sarrafaffe: Amsoshi Ga Masu Sayen Saiwoyin Maganin Ƙasar Sin

Wasiƙun wannan mako duk kan saiwoyin maganin gargajiya na ƙasar Sin suke. Sinawa ba kasafai suke amfani da saiwa yadda aka haƙo ta ba. Sai an jiƙa, an turara, ko an soya da zuma ko gishiri ko ruwan kal, aikin da suke kira paozhi. A kan leda, harafin 生 yana nufin ɗanye, 制 ko 熟 kuma sarrafaffe.

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya ce: "Ina zuwa Guangzhou saro kaya. A kasuwar Qingping na ga ginseng fari da ja, jan ya fi tsada. Iri daban ne, ko rini aka yi masa?"

Alhaji, shuka ɗaya ce. Farin wanke shi kawai aka yi aka shanya. Jan kuwa turara shi aka yi kamar dambu a madambaci, awa 2 zuwa 3 a zafin digiri 90 zuwa 100, sannan aka busar. Launin daga sukarin cikin saiwar yake fitowa, kamar yadda bayan burodi ke yin ja a tanda. Tururin yana kuma karya wasu sinadaran da ake kira jinsenosaid: irin su Rb1 suna zubar da wani ɓangare nasu su koma Rg3 da Rg5 da Rk1, waɗanda da kyar ake samunsu a farin. Ja kuma ya fi jure ajiya.

Algus ɗin da aka fi yi shi ne ɗura masa ruwan sukari don ya yi nauyi a sikeli. Na ƙwarai tauri gare shi, yankansa yana ɗaukar haske kamar ƙaro, ɗacinsa kuma yana riga zaƙinsa zuwa harshe. Wanda ya lanƙwashe a hannu, yana danƙo, yana zaƙi kamar alewa, ka bar musu kayansu. Ƙa'idar sha giram 3 zuwa 9 ce a rana. Mai hawan jini, da mai shan maganin suga ko na tsinka jini, ya fara tuntuɓar likita.

Wani matashi daga Zariya ya ce: "An kawo wa mahaifina wata saiwa mai suna chuanwu don sanyin ƙashi. Wanda ya kawo ya ce ɗanyar ta fi ƙarfi kuma ta fi araha. In yi masa jiƙo da ita?"

Malam, kada ka jiƙa, kada ka ɗanɗana, ka ɗauke ta daga inda yara za su kai hannu. Chuanwu da fuzi daga shuka ɗaya suke, wadda garin Jiangyou na lardin Sichuan ya shahara da nomanta: chuanwu uwar saiwa ce, fuzi kuma 'ya'yan da ke tsirowa a gefenta. Ɗanyarsu tana ɗauke da dafin akonitin. Kimanin miligiram 2 na tsantsarsa yana iya kashe babban mutum, domin yana hargitsa bugun zuciya, kuma ba shi da wani makari na musamman.

Ga abin da wuta ke yi masa. Ƙwayar akonitin tana da ƙugiyoyi biyu, su ne tushen kaifinta. Ruwan zafi na dogon lokaci yana cire ta farko, dafin ya ragu ninki ɗaruruwa. In aka ci gaba da tafasawa ta biyun ma ta fita, ya ragu ninki dubbai. Shi ya sa kundin ƙa'idojin magunguna na Sin ya ce a jiƙa chuanwu har ruwa ya ratsa tsakiyarta, sannan a tafasa awa 4 zuwa 6 ko a turara awa 6 zuwa 8, har in an tsaga babbar saiwa ba a ga sauran fari a tsakiyarta ba. Bayan haka ragowar dafin mai ƙugiya biyu kada ya wuce kashi 0.04 cikin ɗari. Ko sarrafaffiyar ma giram 1.5 zuwa 3 ne ƙa'idarta, kuma sai an riga sauran haɗin sa ta a tukunya ta daɗe tana tafasa.

Wani zai ce ai rogo mai ɗaci ma guba ne, jiƙawa da gurzawa da suya suke gyara shi ya zama garin kwaki. Gubar rogo tana bin ruwa da iska ta tafi. Akonitin ba ya tashi a iska. Jiƙon ruwan sanyi tsamo shi yake yi daga saiwar ya zuba a kofin da za a miƙa wa Baba. A can Sin ɗin ma ana yawan mutuwa ta wannan hanya, inda mutane ke tsima ɗanyar a barasa.

Fuzi na kanti yakan zo a yanke: heishunpian mai baƙin gefe, kaurin rabin santimita, da baifupian fari wanda aka feƙe bawonsa. In kuma dunƙule ne baƙi-baƙi mai farin gishiri a jikinsa, wannan yanfuzi ne, aikinsa bai ƙare ba. Shawararmu dai, duk dangin wannan saiwa ba na haɗawa a gida ba ne. In wani ya riga ya sha, leɓɓansa da harshensa suka fara mutuwa, yatsu suna tsitstsira, ga amai da faɗuwar gaba, a garzaya asibiti da ragowar saiwar a hannu, ba a tsaya neman madara ko manja ba.

Wata baiwar Allah daga Damagaram ta ce: "Na ji ana dafa wasu magungunan Sin da giya. Ta yaya zan gane su?"

Gaskiya kika ji, Hajiya. Giyar shinkafa da suke kira huangjiu tana cikin kayan aikinsu na yau da kullum, harafinta 酒, ana karanta shi jiu. In suya ce, kilo 10 zuwa 20 ake zubawa ga kilo 100 na magani. Wadda za ki fi cin karo da ita shu dihuang ce, baƙar saiwa mai danƙo da zaƙi kamar dabinon da ya daɗe a ajiye, tana kuma cikin ƙwayoyin Liuwei Dihuang Wan da ake sayarwa ko'ina. Ita kilo 30 zuwa 50 na giya take sha ga kowane kilo 100. A wajen turarawar sinadarin katalfol mai ɗaci yana rushewa, manyan sukarin da ke saki ciki su farfashe su koma ƙanana, shi ya sa ɗanyar da sarrafaffiyar suke zama magani biyu a wurin likitocinsu.

Barasa tana tafasa a digiri 78, don haka mafi yawanta tana bin tururi kafin a gama busarwa. Ko wannan ya wadatar a shari'a, hukuncin na malamai ne. Amma akwai mafita, domin ƙa'idar ta yarda a turara shu dihuang da ruwa zalla. Ki nemi mai harafin 清蒸, wato qingzheng. Matsalar tana ga ƙwayoyi da garin haɗi, inda ba a cika rubuta hanyar da aka bi ba, sai dai a tambayi kamfanin.

Wani magidanci daga Kumasi ya ce: "Ana tallar he shou wu a intanet, wai tana mayar da furfura baƙi. An ce sarrafaffiyar ba ta da illa."

Ta fi ɗanyar sauƙi, amma cewa ba ta da illa maganar 'yan talla ce. Ana turara ta da ruwan baƙin wake, kilo 10 na wake ga kilo 100 na saiwa, har ta yi baƙi ciki da waje. Wannan yana rage sinadaran da ke sa zawo. Illar hanta ce ba ta gushe gaba ɗaya ba. A 2014 hukumar abinci da magunguna ta Sin ta yi gargaɗi a kanta, ta kuma iyakance ta a kayan ƙarin lafiya: giram 1.5 a rana ga ɗanya, giram 3 ga sarrafaffiya. Wasu ma a jininsu abin yake, ƙa'ida kaɗan ta ishe su kwanciya. Ga kuma masu gaggawa da ke rage lokacin tururi su shafa baƙi a waje. Ka karya guda ka duba: in cikin yana da ja-ja da gari-gari, ba ta nuna ba. Mai ciwon hanta kada ya kusance ta, wanda kuma ya fara sha ya ga fitsarinsa ya yi duhu ko idonsa ya yi shawara, ya daina ranar ya je gwajin hanta. Mu dai da lalle muka fi yarda a kan furfura.

Wata mai shagon kayan shayi a Kaduna ta ce: "Cikin yankakkun saiwoyi, wanda ya fi fari tas shi ne sabo?"

A'a, Malama, sau da yawa hayaƙin farar wuta ne. Ana turara saiwa da shi don ta yi haske, ƙwari su guje ta, ta kuma riƙe danshi mai ƙara nauyi. A saiwar baishao hayaƙin yana juya babban sinadarinta ya koma wani abu daban, ragowarsa kuma yana tayar wa mai asma da ciwo. Ƙa'idar Sin ita ce ragowar hayaƙin kada ya wuce miligiram 150 a kilo, sai wasu iri goma, ciki har da doyar shanyao da dangshen da baishao, da aka ɗaga wa zuwa 400. Ki buɗe ledar ki shinshina. In kika ji tsami mai harbin hanci kamar an ƙyasta ashana, an yi mata hayaƙi. Shanyao na ƙwarai farinsa da ɗan rawaya yake, kamar busasshen rogo.

Ki kula da huangqin ma, wadda ya kamata ta zo rawaya. Akwai wani sinadari a cikinta da ke farkawa in ta sha ruwan sanyi, ya cinye maganin, shi ya sa ake tafasa ta minti 10 ko a turara kafin a yanka. Yankan da ya juya kore ya riga ya lalace. Ko a shagonki damina tana iya yi masa haka, don haka ki zuba shi a kwalba mai murfi, ki ɗora a kanta nesa da ƙasa.