Hutun yara, lambun baranda da sabulun kyauta: amsoshin likita

Assalamu alaikum. Tun da aka rufe makarantu a watan Yuni tambayoyin da ke iso ni suka sauya kama. Yara na gida har farkon Satumba, damina ta kankama, kowace uwa tana neman abin da zai riƙe hannun 'ya'yanta. Wannan abu yana faranta mini rai, domin yaron da ya wuni yana ban ruwa ko yana saƙa ya fi wanda ya wuni kan waya lafiyar jiki da ta zuciya. Ga huɗu daga cikin tambayoyin.

Tambaya daga wata uwa a Garwa: "Likita, a bene muke zaune, ba mu da fili. Ni da yarana mun shuka yakuwa, kuɓewa da tumatir a tsofaffin tayoyi da bokitai a baranda. 'Yar autata mai shekara uku ta yi zazzaɓi sau biyu, maigida ya ce lambun ne ya tara mana sauro, a cire shi. Haka ne?"

Hajiya, kada ki tumɓuke komai. Ganye ba ya haifar da sauro, ruwan da ya kwanta ne gidansa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a irin ɗumin ƙasarmu, don haka duk ruwan da ya kwana mako guda a buɗe ya isa ya ƙyanƙyashe.

Sauron nan kuma iri biyu ne. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son kududdufin da rana ke bugu a bakin hanya da sawun tayar mota, da dare yake cizo, kuma zai iso barandarki ko da ba ki shuka ko tsinke ba. Ɗayan shi ne baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana. Shi kam tsohuwar taya da gwangwani da farantin da ake sa wa a ƙarƙashin tukunyar shuka su ne masaukinsa, kuma shi ke ɗaukar zazzaɓin denge da cikungunya. Maƙwabtanmu na Abeshe a Cadi sun ɗanɗana cikungunya a 2020, denge kuma a 2023. To a nan maigida yana da gaskiyarsa. Ki huda gindin kowane bokiti, ki cika cikin taya da ƙasa har baki kada lungunta ya riƙe ruwa, ki rufe jarkar ban ruwa. Duk Juma'a a zubar da ruwan farantan a goge su da soso, saboda ƙwan wannan sauro yana manne wa bango, yana iya yin watanni a bushe yana jiran ruwa. Ki ba yaran wannan aikin, za su yi shi da murna.

Ita kuwa 'yar auta, duk zazzaɓin da ya zo a kai ta a gwada jini kafin a ba ta magani, ta riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani. Tun 2016 ake rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na nan Kamaru ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata, ana shan sa kwana uku a jere. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na kwana biyun da ke biye kuwa a hannunki yake, kuma a nan ne iyaye da yawa ke sakaci.

Abu ɗaya nake roƙon ki: in ƙwari sun kama kuɓewar, kada a karɓo ragowar maganin feshin auduga a wurin ɗan'uwa manomi. Ba a yi shi don ganyen miya ba, balle a barandar da yara ke wasa. A jiƙa dakakken ganyen dalbejiya ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan a yayyafa da yamma. Ki kuma tambayi maigida yaushe rabonsa da allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙasa da takin dabbobi. Mata kan samu allurar a wurin awon ciki, maza da yawa kuwa tun ta yarinta ba su ƙara ba.

Tambaya daga wata budurwa a Marwa: "Ina koyon zanen lalle a hutun nan, ina yi wa ƙawaye kyauta. Na yi wa ƙanwata baƙin lalle, bayan mako guda wurin ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa daidai yadda zanen yake. Me ya jawo?"

'Yata, ba hannunki ne ya yi laifi ba, haɗin ne. Lallen gargajiya ja yake bayarwa, kuma sai an yi sa'o'i da ƙunshi kafin ya kama. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin rabin sa'a an haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, kuma jikin wasu mutane yana ƙin sa. A karon farko ƙurajen kan fito bayan kwana 4 zuwa 14, shi ya sa mutane ba sa danganta su da lallen. Ki kai ƙanwar taki asibiti a rubuta mata man shafawa mai kwantar da kumburi. Kada a fasa ƙurajen, kada a shafa man goge baki ko toka. In wurin ya fara mugunya ko zazzaɓi ya shigo, a koma a ranar.

Ki gaya mata a fili cewa jikinta ya riga ya gane wannan sinadari har abada. Ko bayan shekara ashirin ta shafa baƙin rinin gashi, fuska na iya kumbura mata fiye da wannan. Ki ci gaba da zanenki da jan lalle, ki ajiye garin baƙin nesa da yara domin guba ne in an sha. Jarirai kuwa kada a yi musu ko da jan, saboda akwai masu wani raunin jini na gado da lalle ke fasa musu jajayen ƙwayoyin jini.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Kusuri: "Shekarata 46. Na koma ɗinkin hula a hutu don in yi wa abokai kyauta, amma ba na ganin kafar allura sai na nisanta ta, kuma kaina na ciwo da yamma."

Malam, ɗinkin bai ɓata maka ido ba, ya dai tona abin da shekaru suka kawo. Daga shekara 40 zuwa sama ido yana rasa ƙarfin ganin abu na kusa, tabarau na karatu kawai yake buƙata. Ka je wurin masu duba ido, su haɗa da auna hawan jinin ido, domin shi ba ya ciwo har sai ya ci gani. Ka yi ɗinkinka da hasken rana a zaure, bayan kowane minti 20 ka ɗaga kai ka dubi nesa.

Tambaya daga wata uwargida a Gaundare: "Ƙungiyarmu ta mata ta koyi haɗa sabulu. Ina so in yi a gida tare da 'yan matana mu rarraba wa dangi. Akwai haɗari?"

Uwargida, akwai, kuma a wannan amsar nake so ki fi tsayawa. Sana'ar tana da kyau, ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Haɗarin yana cikin soda, wato sinadarin nan mai ƙuna da ake haɗa sabulu da shi. In an narkar da ita ba ta da launi, ba ta da wari, da ruwan sha ba su da maraba a ido.

Na taɓa karɓar yaro ɗan shekara biyu a wani asibiti da na yi aiki. Mahaifiyarsa ta jiƙa soda a gorar ruwa ta ajiye bayan ƙofa ta huce, ta fita shanya. Da aka kawo shi leɓensa ya kumbura ya yi fari, yawu na zuba a gaban rigarsa domin ba ya iya haɗiyewa, bakinsa duk manja saboda an ɗura masa a hanya. Bayan kwanaki bakin ya warke, iyaye suka yi hamdala. Sai bayan wajen mako huɗu ya dawo a rame: tuwo ba ya wucewa, daga baya ko kunu sai ya dawo. Ƙunar ta warke da tabo, tabon ya tsuke hanyar abinci. Irin wannan yaro sai an yi ta buɗa masa hanyar sau da yawa, wani sai an yi masa tiyata, kuma ba kowane asibiti ke da kayan aikin ba. Har yau ina tuna yadda uwar ta riƙe gorar a hannunta tana kallo.

Don haka soda ba ta shiga gorar ruwa, kofi ko kwanon abinci, ko na minti ɗaya. Ki ware mata bokitin roba mai murfi, ki yi masa babbar alama da jan fenti, ki kulle a ɗaki ko ki ɗora inda hannu ba ya kai. Ranar haɗi ƙananan yara su tafi gidan maƙwabta. A waje ake yi inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ta roba da tabarau. Sodar ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan. In aka zuba ruwa a kan soda tana tafasa ta fantsama. Kada a yi a tukunyar dalma, domin tana cin ta. 'Yan matan su jira sai an gama haɗi, su karɓi aikin yanka da naɗewa, da safar hannu su ma. Sabulun sanda kuma sai ya sha iska mako 4 zuwa 6 kafin a ba kowa, in ba haka ba zai ƙona fatar wanda aka yi wa kyautar.

In tsautsayi ya faɗa, soda ta taɓa fata ko ido, a kwarara ruwa mai tsabta ba tsayawa na aƙalla minti 20, sannan a tafi asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin za ta sake ƙona shi a hanyar fitowa. Kada a ɗura manja, nono ko ruwan lemun tsami. A wanke masa baki da fuska, a cire rigar da ta jiƙe, a garzaya asibiti da shi tare da mazubin sodar, ko da bakinsa bai nuna ƙuna ba.