Tambayoyin Masu Karatu: Me kalmar "reorder" take nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin shagon kayan kwalliya, kuma ina saro kaya ta manhajar waya. Kwanan nan na ga an rubuta "Reorder" a gefen sabulun da na saya watan jiya. Ban danna ba, don ina tsoron kada ya zama mayar da kayan zan yi. Mece ce ma'anarsa?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin kyauta da kika tambaya kafin ki danna, tunda magana ce ta kuɗi. Kalmar aikatau ce mai sassa biyu: ɗafa-goshin "re", wanda Ingilishi ya gada daga Latin da ma'anar "sake", sai "order", wadda mu ma muka ara muke cewa oda. Saboda haka ma'anarta ita ce sake yin odar abin da aka taɓa saya. Idan kin danna, galibi manhajar za ta sake tara miki kayan nan a kwandon saye, don haka ki duba adadi da farashi da kyau kafin ki biya, domin farashin watan jiya ba lalle ne ya zama na yau ba. Mayar da kaya kuwa "return" ake cewa, soke oda kuma "cancel".

A jimla, sunan kayan yana bin kalmar kai tsaye, kamar "I reordered two cartons of soap", wato na sake yin odar katan biyu na sabulu. Ba a bukatar ƙara mata "again", tunda sakewar tana cikinta. Masu lissafin kayan sito suna da "reorder level", wato adadin da idan kaya ya ragu ya kai shi, lokacin sabuwar oda ya yi. A ganina wannan ne zai fi amfanar shagonki: ki tsayar wa kanki, misali, cewa da zarar sabulu ya rage katan 3 za ki sake sarowa, ba sai kanta ta zama fayau mai saye ya juya ba.

Kalmar tana da ma'ana ta biyu, wato sake jera abubuwa, kamar malamin makaranta da ya sauya jerin sunayen ɗalibai ya bi haruffa. Abin da ya biyo bayanta ne ke bambanta su: in haja ce, saye ake nufi, in kuwa jerin sunaye ne ko shafukan takarda, tsari ake nufi.