Amsa ga ƙanwata mai son karatun binciken sankarar mata a Ingila

Ƙanwata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da mutanen gida a Birnin Kebbi, na samu saƙonki inda kika ce kin gama bautar ƙasa a sashen mata da haihuwa, kuma kina son zuwa Ingila ki yi digiri na biyu a kan gwajin magungunan sankarar ƙwan mace, kina tambayar ta ina za ki fara.

Ki sani tun farko cewa mafi yawan aikin nan zama ne da mara lafiya. Ranakuna da dama suna ƙare mini ina yi wa mace bayanin takardar amincewa, ina nuna mata cewa kwamfuta ce za ta jefa ta rukunin sabon magani ko na wanda aka saba, kuma tana da ikon janyewa ranar da ta ga dama ba tare da an rage mata kulawa ba. Mu da muka tashi da labarin gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara masu cutar sanƙarau a Kano a 1996 ba ma buƙatar a gaya mana nauyin wannan takarda.

Sai kuma haƙuri. A nan Birtaniya an ɗauki mata fiye da 200,000 tsakanin 2001 da 2005 don a gano ko gwajin jini na CA125 da hoton ciki za su rage mutuwa daga sankarar ƙwan mace, amma da sakamakon ƙarshe ya fito a 2021, sai aka ga cewa ko da gwajin jinin ya ƙara kama cutar da wuri, yawan masu mutuwa bai ragu ba. Kusan shekara ashirin ke nan, kuma amsar a'a ce. An dai samu ci gaba ta wani ɓangaren, domin a 2018 an nuna cewa maganin olaparib yana jinkirta dawowar cutar ga matan da ke da sauyi a ƙwayar gadon BRCA, sai dai gwajin gadon da maganin duka sun fi ƙarfin aljihun matar da ta taso daga Zuru ko Argungu.

Saboda haka nake ba ki shawara ki dubi sankarar bakin mahaifa, wadda ta fi sankarar ƙwan mace yi wa matanmu ɓarna alhali ana iya hana ta. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo wannan sankarar, a watan Oktoba na 2023, kuma Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta daɗe tana fafutukar gwajin mata a jiharmu. Tambayar dalilin da ya sa mace take isa asibiti sai cutar ta ci jiki, ke kika fi malaman nan kusanci da amsarta.

Kafin ki cika takardar neman gurbi, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, ki tattara bayanan matan da aka gani a 'yan shekarun nan, ki rubuta abin da kika samu, domin malaman nan suna daraja irin wannan fiye da doguwar wasiƙar buri. Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, yana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, kuma sharaɗinsa ne a koma gida na shekara biyu bayan karatu. Idan kin rubuta daftarin farko, ki turo mini in duba. Ki gaishe mini da Hajiya.