Gwajin fata ko na jini, wanne za ka yi wa mai alaji?

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa wani muke tsira masa fata, wani kuma mu tura shi a ɗebi jininsa. To, abu ɗaya duka biyun suke nema, wato sinadarin IgE da jikin mai alaji, wanda jikinsa ba ya jituwa da wani abu, ke haɗawa a kan gyaɗa, ƙwai, ƙurar ɗaki ko makamancinsu. Halin mara lafiyar ne ke zaɓa maka.

Ni dai na fi son na fata in da hali. Ka ɗiga ruwan gwajin, mai ɗauke da abin da ake zargi, a damtse ko baya, ka ɗan tsira da tsinken, cikin minti 15 zuwa 20 ka ga amsa. Kada ka manta da ɗigo biyun nan na tabbatarwa: histamin, sinadarin da ke sa ƙaiƙayi da kumburi, wanda dole ya tashi, da ruwan gishiri, wanda bai kamata ya tashi ba. Kumburin da ya fi na ruwan gishirin da milimita 3 shi ake lissafawa. Kuma kumburin za ka auna, ba jan ba, domin a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Shafa da yatsa, ka sa ma'auni. Allurar adiranalin, ta ceton wanda alaji ya taso masa da tsanani, ta kasance kusa da kai, ko da yake da wuya a buƙace ta.

In mara lafiya ya sha maganin ƙaiƙayi irin su cetirizine a 'yan kwanakin nan, histamin ɗin ma ba zai tashi ba, aikinka ya lalace. Wanda ba zai iya barin maganin ba, ko ƙuraje sun cinye masa fata, ko fatarsa na kumbura da an karce ta, ko ya taɓa shiɗewa bayan cin wani abu, wannan sai jini. Maganin ƙaiƙayi ba ya taɓa sakamakon gwajin jini, sai dai a jira kwanaki kafin ya fito.

Inda yaran aiki ke faɗawa rami shi ne karanta takardar sakamakon jini. Adadin IgE na gyaɗa ya haura 0.35, sai a ce wa uwa ta hana yaro gyaɗar da yake ci kullum lafiya lau. Haba! Tsutsar ciki kaɗai tana iya ɗaga IgE. Tambaye ta tukuna: me ya ci, bayan minti nawa borin jinin ya fito, ya sake ci kuwa? In labarin da takardar sun saɓa, sai a ba shi abincin kaɗan-kaɗan a asibiti, likita na tsaye a kansa.