Wa Ke Zaɓar Littattafan Makarantun Gwamnati a Amurka?

Tambaya: Malam, ɗana yana makarantar gwamnati a jihar Tekzas, kuma na ga littafin tarihinsa ya sha bamban da na ɗan ƙanwata da ke Kalifoniya, alhali ajinsu ɗaya. Shin ba gwamnatin tarayya ce ke zaɓar littattafan ba?

Amsa: Hajiya, ba ita ba ce. Harkar ilimi a Amurka tana hannun jihohi, har ma dokar tarayya ta hana Ma'aikatar Ilimi ta ƙasa tsoma baki a manhaja ko zaɓen littattafai, saboda haka kowace jiha tana da tata dokar.

A Tekzas, hukumar ilimi ta jiha mai mambobi 15, waɗanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, ita ce ke tantance littattafai bayan masana sun duba su shafi bayan shafi, an kuma saurari ra'ayin jama'a. Sai dai tun daga shekarar 2011, doka ta ba gundumomin makarantu damar sayen kayan koyarwa ko da ba sa cikin jerin da hukumar ta amince da su. A Kalifoniya kuwa, jiha ce ke tantance na ƙananan azuzuwa har zuwa aji 8, gundumomi su zaɓi na aji 9 zuwa 12.

A ganina, abin da ya fi dacewa ki riƙe shi ne cewa ƙofar magana a buɗe take ga iyaye. Ki nemi ranar zaman hukumar makarantun gundumarku, ki karanta babin da ya dame ki tun daga gida, ki rubuta lambar shafinsa, sannan ki yi rajistar yin magana kafin a fara zaman.