Amsa: yadda za a fara shirin hira na bidiyo don masu kallo a waya

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokinka kuna son fara shirin hira na bidiyo, masu kallonku kuma duk a waya suke, ga data ta yi tsada. Kana tambayar yadda za ku ɗauka da inda za ku ɗora.

Fara da sauti kafin kyamara. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ƙarar janareta ko murya mai amsa kuwwa za ta kore shi nan take. Na taɓa asarar hirar minti 40 saboda fankar sama da na manta ban kashe ba, har yau abin yana min ciwo. Ku sayi ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, ku zauna a ɗaki mai labule da kafet, ku fuskanci taga don samun haske.

Ku ɗauka da wayar a kwance, a 1080p (ma'aunin ingancin hoto ne, lamba mafi girma ta fi inganci), ku fitar a MP4, wato nau'in fayil ɗin bidiyo. Kada ku rage ingancin da kanku don tsoron tsadar data. YouTube yana ba mai ƙarancin data zaɓin 360p har 144p. Spotify ma, dandalin sauraron waƙoƙi da shirye-shirye, yana karɓar bidiyo. Sannan ku yanko guntaye a tsaye don TikTok da WhatsApp, rubutun maganar da ke fitowa a ƙasan bidiyon ya zama da manyan haruffa, domin allon waya ƙarami ne.

Kada ku saka waƙar wani ba izini, tsarin Content ID na YouTube, mai binciken haƙƙin mallaka, yana gane ta. In kamfani ya kawo muku kwangilar talla, ku nuna wa lauya kafin ku sa hannu.